Salansar Motarka: Kai Ta Wurin Mai Aunawa Kafin Ya Yanka

A Kumasi, idan mota ta fara ruri daga ƙasa, ko kuwa mai ita ya sayo sabuwar salansa mai ƙyalli yana so a ɗaura masa, ba a cika dogon tunani a kan wanda za a kai wa aikin ba. Mai walda mafi kusa shi ke samu. Daga mahaɗar Anloga zuwa Oforikrom, zuwa Aboabo da Asawase, da wuya ka yi nisa ba ka ga rumfar walda ba, ga tukunyar gas, ga tsofaffin bututu jingine da bango. Mutumin da zai yi kwana da kwanaki yana cigiyar makaniken da ya iya giya ko injin, shi ne zai miƙa salansa ga duk wanda ya gani riƙe da wutar walda, domin a ganinsa bututu ne kawai, a yanka a liƙa. A ra'ayina wannan tunani ya tsufa da kusan shekara talatin, yana cin kuɗin masu motoci, yana kuma cin lafiyar unguwa. Wanda ya cancanci ya taɓa salansar motar zamani shi ne wanda zai auna kafin ya yanka, ya yi aikin a kan idonka, ya miƙa maka duk abin da ya cire. Girman shago da kyan allon suna ba sa cikin wannan lissafi.

Motar ce ta canja. Tsohuwar Datsun ko Peugeot 504 mai kabureta, salansarta ba ta da wani aiki da ya wuce ta kwashe hayaƙi zuwa baya ta kuma rage ƙara, kuma mai walda mai kyan hannu ya ishe ta. Amma tun 1975 aka fara sa wa motocin Amurka matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira katalis, kuma daga 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a can tana ɗauke da kwamfutar da ke lura da wannan matata, ta kunna fitilar gargaɗi idan ta ga matsala. Corolla da Camry da Elantra da Vitz da suka cika titunan Kumasi duk na wannan zamani ne. A jikin bututun akwai sensa da ke shinshinar hayaƙi kafin ya shiga matata, tana gaya wa kwamfuta ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, domin a riƙe ma'aunin da injin fetur ke so, wato nauyin iska 14.7 ga nauyin mai ɗaya. Akwai wata kuma a bayan matatar, mai duba ko matatar tana aikinta. Ke nan bututun da ake wa kallon ƙarfen banza ya shiga cikin hanyar da injin ke auna man da zai sha. Idan mai walda ya bar 'yar ƙaramar kafa a gaban sensar farko, iska za ta kutsa, sensa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara buɗe mai. Mai mota zai ga yana yawan tsayawa gidan mai, ya zargi injin, ya zargi masu sayar da man, ba zai taɓa kawo salansa a ransa ba, alhali daga nan ɓarnar ta fara.

Ita katalis ɗin, a cikinta akwai wani curi na tangaran mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan ta ɗauki zafi, tana juya fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan gubobi uku da injin fetur ke fitarwa zuwa iskar da ba ta kai su cutarwa ba. Waɗannan ƙarafa su ne suka sa maganar salansa ta zama maganar amana. A watan Maris na 2021 farashin rodiyam ya doshi dala 30,000 a kan oza ɗaya, ya ninka na zinariya fiye da sau goma, har satar katalis ta addabi masu motoci a Amurka da Ingila. Farashin ya faɗi daga baya, amma har yau tsohuwar katalis kaya ce mai kasuwa a wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Sayen tsohon ƙarfe sana'a ce ta halal, kuma 'yan zango da yawa da ita suke riƙe da iyali, don haka ba a nan gizo ke saƙar ba. Inda yake saƙar shi ne a ce mutumin da ke ba ka shawarar a cire, shi ne kuma zai riƙe abin da aka cire ya sayar. Ko da mutumin kirki ne, an sa shi a tsaka mai wuya, domin yana da riba a cikin shawarar da yake ba ka. Akwai kuma wanda ba zai ma faɗa ba: ya tsaga gwangwanin, ya kwashe cikinsa, ya mayar ya liƙe, mai mota ya tafi da fanko bai sani ba. Ban ce haka yawancin masu sana'ar suke ba. Amma mai mota da ya ajiye makulli ya tafi, ya dawo da yamma ya karɓa, ba shi da hanyar bambance na kirki da na banza, kuma na kirkin ma ba shi da hanyar wanke kansa idan zargi ya taso.

Wani lokacin ma ɓarnar ta riga motar isowa. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoba na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan motocin da ke barin tashoshin jiragen ruwansu ya gano cewa wasu an riga an yanke musu katalis kafin a loda su. Mota irin wannan za ta sauka a Tema, ta hau hanyar Accra zuwa Kumasi, ta wuce hannu biyu ko uku, kuma mutum na farko da zai leƙa ƙarƙashinta da idon sani shi ne mai ɗaura salansa. Idan mai gaskiya ne kuma ya san aikinsa, a ranar mai mota zai san abin da ya saya.

Maganar kuɗi ke nan. Ta rai ta fi ta nauyi. A cikin hayaƙin mota akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi har ninki ɗari biyu da ɗoriya. Aikin farko na salansa, tun kafin rage ƙara, shi ne ta kai wannan iska can bayan mota, nesa da hancin waɗanda ke ciki. Waldar da ta bar kafa a ƙarƙashin kujerar direba, a motar da tsatsa ta riga ta huda ƙasanta, tana shigo da ita ciki. Haka ma wutsiyar bututun da aka gajarta, ta tsaya a ƙarƙashin jikin mota maimakon ta leƙo waje. Duk wanda ya san motar haya ta turoturo ya san yadda ake lodin baya har ƙofa ta ƙi rufuwa a ɗaure ta da igiya. Mota mai tafiya tana jan iskar bayanta, don haka hayaƙin da ya fita a daidai wannan ƙofa yana iya komawa kan fasinjojin kujerar ƙarshe. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, kuma su ne ainihin abubuwan da direba ke ɗora wa gajiya da zafin rana. Direban da ke gyangyaɗi a kan hanyar Ejisu ko ta Tamale ba kansa kaɗai ya ɗauko ba. Ga kuma haɗarin wuta: katalis tana kai zafin ɗaruruwan digiri, shi ya sa kamfani ke sa mata farantin kare zafi. Mai gaggawa yakan cire farantin ya jefar domin yana kaɗawa, ko ya karkatar da sabon bututu ya bi kusa da tankin mai ko tiyon birki, domin nan ne ya fi masa sauƙin lanƙwasawa.

Wannan magana ta fi shafar wuri irin Anloga fiye da unguwannin masu katanga da fili. Unguwa ce ta masu sana'ar hannu, wadda ta yi suna da kafintoci da masu yanka katako, har zuwa ƙarshen shekarun 2000 da aka mayar da yawancinsu Sokoban domin a buɗe hanyar da ta haɗa Oforikrom da Asokwa. Hanyar ta kawo sauƙi, ta kuma ƙara yawan motocin da ke haɗuwa a mahaɗar, inda masu fitowa daga tsakiyar gari da masu shigowa ta hanyar Accra da masu nufar Asokwa da filin jirgi ke cunkushewa safe da yamma. A bakin wannan titi mai koko da ƙosai take zaune, mai wake da shinkafa ta kafa teburinta, yaro mai tallan ruwa yana ratsa motoci, kuma kansa ya fi na babba kusa da bakin bututu. Gidajen zango a matse suke, tagoginsu a kan lungu. Motar da aka kwashe wa katalis, idan ta tsaya a cunkoso tana aiki, waɗannan mutane ne ke shaƙar abin da take fitarwa, mai ita kuwa ya ɗaga gilashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokacinsu a 2019, kuma tun 2012 hukumarta mai binciken cutar daji ta sa hayaƙin dizal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Mu da muka tashi ana karantar da mu haƙƙin maƙwabci, bai kamata mu ɗauka cewa haƙƙin ya tsaya a kan magudanar ruwa da katanga ba.

Na san abin da wasu za su ce: wai wannan duk hanya ce ta raina ɗan sana'ar bakin titi, a tura mutane garejin kamfani inda ake biyan kuɗin sanyin ofis. Ko kaɗan. Wanda ya san Kumasi ba zai raina hannun makanikanta ba. Magazin ta Suame, wadda ta samo asali tun shekarun 1930, tana cikin manyan matattarar makanikai da maƙera a Afirka, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum kusan 200,000 ke neman abinci a cikinta. Motoci na zuwa can daga arewacin Ghana da ƙasashen maƙwabta domin a farfaɗo da su. Tun 1980 jami'ar KNUST ta kafa cibiyar koyar da fasaha a cikinta, domin ta ga akwai basirar da ta cancanci a ƙara mata kayan aiki. Amma ƙarfin Magazin a rabon aiki yake. Mai injin daban, mai giya daban, mai waya daban, mai miƙe jiki daban, mai feshi daban, kuma masta na ƙwarai ba ya jin kunyar ya tura yaronsa ya kira wanda ya fi shi sanin wani ɓangare. Abin da nake cewa bai wuce a bi wannan tsari a kan salansa ba. Yau aikin na mutum biyu ne, mai walda da mai na'urar gwaji, ko mutum ɗaya da ya haɗa biyun. Garejin kamfani da ya sa maka sabon kaya bai binciki dalilin mutuwar tsohon ba, shi ma ya faɗi jarrabawa, kome kyan tayil ɗinsa.

Gane wanda ya iya ba ya buƙatar ka zama makanike. Saurari abin da zai fara yi. Wanda ya san aiki zai tambaye ka me motar ke yi kuma tun yaushe, ya tashe ta ya saurara, ya bi bututun daga bakin injin zuwa wutsiya yana neman baƙin tabon da hayaƙi ke bari inda yake tsiyaya. Idan fitilar gargaɗi na kunne, zai jona na'ura ya karanta lambar, ko ya kira mai ita. Lambar da aka fi gani a wannan fanni ita ce P0420, kuma abin da take cewa shi ne matata ba ta aiki yadda ya kamata. Ba ta faɗi dalili ba. Yana iya zama matatar ce ta mutu, yana iya zama sensar baya ce, yana iya zama kafa ce a bututu, kuma kowanne da kuɗin gyaransa, tazarar kuwa mai yawa ce. Idan aka zo aikin, dubi ko zai cire kan batir kafin ya kunna waldar lantarki, ya kuma maƙala wayar ƙasa kusa da inda zai yi aiki, domin kada wuta ta bi ta jikin mota ta taɓa kwamfuta. Dubi ko zai bar mahaɗan noti a inda kamfani ya sa su da sabon gasket, ko kuwa zai liƙe komai ya zama sanda ɗaya, wadda gobe sai an yanka kafin a sauke giya. Dubi ko zai rataye salansar da robobinta, ko da waya da ƙarfen da aka walde a jikin mota. Injin yana motsi a kan kujerunsa, kuma bututun da aka ɗaure tamau ba ya jimawa sai ya tsage a wuya, wani lokacin ya tafi da bakin injin. Sannan a ƙarshe, ya tashi motar ya sake bin kowace mahaɗa, ya tattara tsohon kayan ya sa maka a but ba tare da ka roƙa ba. Wanda ya ɓata rai domin ka ce za ka tsaya, ko domin ka nemi tsohuwar katalis ɗinka, ya riga ya ba ka amsa.

Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma makanikai masu hankali ne ke kawo ta. Suna cewa katalis ba ta ƙasarmu ba ce: manmu ba shi da kyau, tana toshewa, mota ta kasa hawa tudu, kuma da zarar an fasa ta sai ka ga mota ta saki jiki. Rabin wannan magana gaskiya ne. Katalis da ta narke ko ta farfashe tana shaƙe injin, kuma cire ta na kawo sauƙi nan take. Amma maganar mai ta zamanin da ce. Babban abin da ke kashe katalis a cikin fetur shi ne dalma, kuma Ghana ta daina sayar da fetur mai dalma tun wajen 2004. A 2017 kuma ta rage farar wutar da aka yarda da ita a man da ake shigowa da shi zuwa kashi 50 cikin miliyan, daga 3,000 da dizal ke ɗauke da shi a da. Abin da ke kashe katalis a yau yawanci daga injin yake: fulogi ko koyil da ya mutu yana tura ɗanyen mai ya je ya ƙone a cikinta, ko injin da ke shan baƙin mai, ko gasket da ya ƙone yana sakin ruwa. Toshewarta alama ce ta ciwon da ke gaba da ita. Wanda ya fasa ta ya sallame ka ya bar ka da ciwon, ya kuma raba ka da abin da ke nuna shi, musamman idan ya ƙara da cire ƙwan fitilar gargaɗi ko rufe ta da baƙin salatif. Wanda kuma ya sa maka sabuwa bai gyara injin ba, ya sa ka sayi abin da zai sake mutuwa. Zancen cewa cire lafiyayyar katalis na rage shan mai kuwa, ba shi da tushe a motar da kwamfuta ke auna mata mai. Haka lissafin yake ga Sprinter da sauran masu dizal na zamani, waɗanda ake fasa wa matatar baƙin hayaƙi.

Sai maganar aljihu, kuma ba zan yi kamar ba ta da nauyi ba. Direban tasi da ke kai wa mai mota balas kullum, ranar da motar ta kwana a gareji ranar ba shi da cefane. Katalis ta asali tana da tsada, kuma ba kowa zai iya saya ba ran da ya so. Amma abin da nake nema a yi bai fi ƙarfin talaka ba, domin aunawa ta fi yankawa araha. Kuɗin jona na'ura kaɗan ne a kan kuɗin man da mota za ta riƙa zubarwa wata da watanni, kuma sau da yawa binciken kan nuna cewa gyaran ƙarami ne, gasket ko roba ko sensa. Idan ma ta tabbata katalis ta mutu, mai gaskiya zai ba ka tsohuwar ka sayar da kanka, kuɗin ya rage maka hanya wajen sayen ta hannu mai kyau ko sabuwa ta kasuwa da ta dace da girman injinka. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi kowa cutuwa da aikin da za a maimaita sau biyu. Mai kuɗi zai canja mota. Direban tasi da ita zai zauna.

Ban manta da samarinmu ba, masu sayo salansa don ƙara da ƙawa, a mota ko a babur. Son abu mai kyau ba laifi ba ne, kuma akwai salansar kasuwa ta ƙarfen da ba ya tsatsa wadda ta fi ta kamfani daɗewa. Amma an sayar musu da labarin cewa faɗin bututu shi ne ƙarfi. A ƙaramin injin da ba a taɓa komai nasa ba, bututun da ya yi faɗi da yawa yana rage gudun fitar hayaƙi, mota ta yi sanyi wajen tashi, wato a daidai inda ake buƙatar ƙarfinta a cunkoson Anloga da tuddan Kumasi. Ƙarar ce ke ƙaruwa, sai kunne ya yaudari mai ita. Masu babur kuma na cewa ƙarar kariya ce, ana jin zuwansu. Bakin salansa baya yake kallo, haɗari kuwa yawanci gaba yake, don haka waɗanda suka fi shan ƙarar su ne waɗanda aka riga aka wuce: mara lafiya a ɗaki, jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci, masu sallah a masallacin bakin hanya. Ƙa'idar hukumar muhalli ta Ghana a unguwannin zama ita ce desibel 55 da rana, 48 da dare, kuma babur da aka fasa wa salansa ya wuce nan nesa ba kusa ba. Mai ɗaura salansa na ƙwarai zai gaya wa saurayi girman da ya dace da injinsa, ko da hakan na nufin ya rasa cinikin ranar.

Wasu kuma za su ce duk wannan aikin gwamnati ne, me ya kai mai mota? Gwamnati na da nata kason, ba shakka. Hukumar DVLA ce ke ba da takardar lafiyar mota, sau ɗaya a shekara ga motar gida, duk wata shida ga ta haya, kuma ƙungiyar ECOWAS ta amince a 2020 da ƙa'idar hayaƙi ta bai ɗaya ga motocin da ake shigowa da su. Amma mun ga yadda aka bi da lamarin a baya-bayan nan. Harajin hayaƙi da aka fara karɓa a watan Fabrairu na 2024 ya ɗora sidi 75 a shekara a kan babur da mai ƙafa uku, sidi 150 a kan motar da injinta bai wuce cc 3,000 ba, sidi 300 a kan wadda ta wuce. Da girman injin aka yi lissafi, ba da abin da ke fita daga bututu ba, don haka wanda ya kashe kuɗi ya gyara katalis da wanda ya fasa tasa kuɗi ɗaya suka biya. A 2025 aka soke shi. Ko da an gyara tsarin gobe, mai duba mota sau ɗaya ko biyu yake ganinta a shekara, kuma gwangwanin da aka kwashe cikinsa aka liƙe ba ya nuna komai ga ido sai an sa na'ura a bakin bututu. Hukuncin da ya fi tasiri ana yanke shi ne a ranar da mai mota ya tsaya gaban rumfa ya zaɓi wanda zai miƙa wa makulli.

Saboda haka kirana ga iyayenmu mastoci na Anloga da Aboabo da Asawase da Magazin shi ne su mayar da abu biyu ƙa'idar gareji, su kuma koya wa yaransu: ba a yanka salansar mota mai kwamfuta sai an karanta ta, kuma duk abin da aka cire na mai mota ne sai idan shi ya sayar da bakinsa, a kan farashin da aka faɗa a fili. Ƙungiyar masu gareji ta ƙasa da rassan ƙungiyar direbobin haya ta GPRTU a tashoshinmu suna da ikon da za su sa wannan ya zama al'ada, kuma direbobi sun fi kowa sanin waye mai gaskiya, sai su riƙa faɗa wa juna. Kai kuma mai mota, ran da za ka kai salansa, ka ware wa aikin lokacinsa ka tsaya a wurin. Ka tambayi abin da aka auna da abin da aka gani, ka nemi rasit mai sunan abin da aka sa, kuma kada ka bar garejin sai tsohuwar katalis ɗinka tana cikin but.